Yadda Ake Ƙulla Abota da Shugabanka a Wurin Aiki Ba Tare da Ka Zubar da Mutuncinka Ba

Ma'aikacin da yake shiga ofis da ƙarfe 8 na safe ya tashi da ƙarfe 4 na yamma yana shafe mafi kyawun sa'o'in yininsa ne a ƙarƙashin mutum ɗaya, wanda shi yake raba masa aiki, shi yake sa hannu a takardar hutunsa, kuma shi yake cike masa rahoton ƙarshen shekara da ake dubawa idan lokacin ƙarin girma ya zo. A aikin gwamnati mutum yakan kai shekara 35 yana aiki, ko ya cika shekara 60 da haihuwa, kafin ya yi ritaya, kuma a cikin wannan tsawon lokaci zai bi ta hannun shugabanni masu halaye dabam-dabam, ko a sakatariyar jiha yake, ko a ta tarayya da ke hanyar Kano, ko a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina. Haka abin yake ga malamin makarantar kuɗi da shugaban makarantarsa, da ma'aikacin banki da manajansa, da yaron shago a babbar kasuwa da ubangidansa. Wanda ya samu fahimtar juna da shugabansa yakan fito daga gida da safe zuciyarsa sakayau, wanda kuma ya rasa ta yakan koma gida da ɓacin ran da iyalinsa ne suke ɗanɗana shi.

Kirarin da ake yi wa garinmu Katsina ya ƙunshi duk abin da nake son bayyanawa: ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Mai tsoron shugabansa yana ɓoye kuskurensa, yana amsa kowace magana da "haka ne", kuma yana labewa idan ya ji takun takalminsa. Mai jin kunyarsa kuwa yana girmama shi, yana yi masa kara a gaban jama'a, amma idan suka keɓe yana iya duban idonsa ya gaya masa inda abu ya karkace. Shugaba yana iya amfani da mai tsoronsa shekara da shekaru, amma abota sai da mai jin kunyarsa yake ƙullawa, domin shi ne wanda yake samun wani abu a wurinsa bayan amin.

Mataki na farko: ka binciki niyyarka

Kafin ka yi wani yunƙuri, ka tambayi kanka abin da kake nema. Idan so kake a sa sunanka a kowace tafiya mai alawus, ko a kau da kai idan ka makara, ko a tsallake da kai a bar waɗanda suka riga ka, to abin da kake shirin yi fadanci ne, kuma wanda ya daɗe a kan kujera yana gane mai fadanci tun daga sallamarsa, domin ya ga irinsa da yawa. Niyyar da take ɗorewa ita ce ka so aiki ya tafi daidai, ka koyi abin da ya sani, kuma ku zauna da juna cikin aminci irin na mutanen da Allah ya haɗa abincinsu a wuri ɗaya.

Mataki na biyu: ka fara da aikin da aka ɗauke ka dominsa

Babu wata gaisuwa ko ziyara da za ta cike gurbin aikin da ba a yi ba. Shi ma shugabanka yana da na gaba da shi: shugaban sashe yana amsa tambayar darakta, darakta yana amsa ta babban sakatare, babban sakatare kuma yana amsa ta kwamishina da shugaban ma'aikata. Duk fayil ɗin da ya kwana a teburinka ba bisa dalili ba, shi ne zai sha faɗa a kansa a sama. Saboda haka alherin farko da za ka yi masa, wanda ya fi kowace kyauta, shi ne ka zama mutumin da idan aka miƙa masa aiki ana iya mantawa da shi, domin an san zai dawo a gama.

A aikace ga abin da wannan yake nufi. Idan ya ba ka umarni da baki, ka maimaita masa abin da ka fahimta kafin ka bar ofishinsa, kuma ka tambayi ranar da yake son aikin, domin mafi yawan saɓanin ofis daga "ai na zaci" yake farawa. Ka riƙe ƙaramin littafi da kake rubuta abin da aka sa ka da ranar da aka sa ka. Idan ka ga aikin ba zai kammala a kan lokaci ba, kada ka bari sai ranar ta zo, tun da ba a fafe gora ranar tafiya; ka same shi tun da sauran kwana biyu ka gaya masa abin da ya tsaya da abin da kake bukata. Idan ka gama, ka koma ka ba shi rahoto ko da bai tambaya ba, a cikin jimla biyu ko uku. Idan kuma matsala za ka kai masa, ka tafi da shawarar mafita ko da guda ɗaya ce, ka bar masa zaɓi.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne yadda kake yi idan ka yi kuskure. Ka riga kowa kai masa labarin, ka faɗi abin da ya faru ba tare da ka jingina shi ga masinja ko mai buga takardu ba, sannan ka faɗi yadda za ka gyara. Zai iya yin faɗa a ranar, kuma yana da haƙƙin yi, amma daga ranar zai san cewa idan ka ce masa abu lafiya yake, to lafiyar yake. Sabon ma'aikaci, wanda yake cikin shekara biyun gwaji kafin a tabbatar da shi, ya fi kowa bukatar ya tsaya a kan wannan mataki kawai, ya bar sauran su zo a lokacinsu.

Mataki na uku: ka karanci halinsa kafin ka matso

Ka ɗauki wata biyu ko uku kana lura. Wani shugaban yana son a rubuta masa komai a fayil ya karanta shi kaɗai, wani kuma takarda tana gundurarsa, ya fi son ka tsaya ka yi masa bayani a minti biyar. Wani da sassafe yake da sakin fuska, wani sai an dawo daga sallar azahar. Wani yana amsa saƙon WhatsApp a kowane lokaci, wani yana ɗaukar tura masa maganar aiki ta waya a matsayin raini. Ka lura da lokutan da aiki yake shaƙe shi, kamar ƙarshen wata idan ana haɗa takardun albashi, da ƙarshen shekara idan ana shirya kasafin kuɗi, da ranar da masu binciken kuɗi suka sauka, domin wanda ya shiga da bukatar kansa a irin waɗannan ranaku ya zaɓi a ce masa a'a.

Mutanen da suka fi kowa sanin halin shugaba su ne sakatarensa da direbansa da masinjan da ya daɗe a ƙofarsa. Ka girmama su don Allah, ka riƙa gaishe su da sunansu, kuma idan za ka tambaye su, ka tsaya ga abin da ya shafi aiki, kamar ko yanzu lokaci ne mai kyau na shiga. Kada ka tambaye su labarin gidansa ko wanda ya zo wurinsa jiya, domin tambayar za ta koma kunnensa kafin a tashi, kuma za ta koma ne da sunan bincike.

Mataki na huɗu: ka kiyaye gaisuwa da lafazi

Ka riƙa shiga ka gaishe shi sau ɗaya da safe, gaisuwa cikakkiya amma gajeriya, ka tambayi gida da iyali da gajiya, sannan ka koma teburinka. Kada ka zauna sai ya nuna maka kujera, kada ka miƙa masa hannu sai ya miƙo, kuma kada gaisuwarka ta zama kullum da bukata a bayanta, domin idan ta zama haka zai riƙa ɗaure fuska da zarar ya hango ka. Lafazin da muka gada a nan ya wadatar: "ranka shi daɗe", "yallaɓai", "Allah shi taimake ka", ko "ranki shi daɗe" da "Hajiya" idan mace ce. Idan yana da sarautar gargajiya, kiransa da ita yana faranta masa rai, kuma ba ya rage ka da komai.

Wuri biyu ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Na farko shi ne idan shugaban ya girme ka a muƙami amma kai ka girme shi a shekaru, ko kun yi aji ɗaya a makaranta, ko ƙanen abokinka ne da ka san shi tun yana yaro a unguwa. A cikin ofis ka ba kujerar haƙƙinta, ka kira shi yadda kowa yake kiransa, kada ka riƙa tuna wa mutane cewa kai ka san shi tun kafin ya zama wani abu. Mai hankali zai rama maka wannan karar a waje, inda zai ba shekarunka nasu haƙƙin. Na biyu shi ne wasan barkwanci. Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa, haka tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zage-zagi, kuma irin wannan wasa yana saurin narkar da ƙanƙarar da ke tsakanin mutane. Sai dai ka bari shi ya fara, ka mayar masa daidai gwargwadon abin da ya jefo, kuma kada ka yi shi a gaban baƙi ko a tsakiyar taro.

Mataki na biyar: ka bari shi ya buɗe ƙofar hira

Na sama ne yake da ikon rage tazara, na ƙasa kuma aikinsa ya kasance a shirye idan an rage. Alamun ba su da wuyar ganewa: ka kawo fayil ya ce ka zauna, ko ya tambaye ka wane gari ne naku, ko ya tsaya ku jera daga masallacin ofis, ko ya ce ka shiga motarsa idan za ku duba wani aiki a Daura ko Dutsin-Ma ko Funtua. Irin wannan tafiya ita ce babbar dama, domin tsakanin Katsina da Daura kaɗai akwai wajen kilomita 80, kuma a mota mutum yakan saki jiki ya faɗi abin da ba zai faɗa a bayan tebur ba.

Idan damar ta zo, ka fi yawan saurare. Ka tambaye shi yadda ya fara aiki da wuraren da ya zauna, musamman idan yana cikin waɗanda suka ji labarin dawowar ma'aikata daga Kaduna daga bakin waɗanda suka yi ta, bayan an ƙirƙiro jihar a 1987, domin a irin wannan hira za ka koyi abin da babu shi a kowace takardar ƙa'idojin aiki. Ka nemo abin da kuka yi tarayya a kansa da gaske. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu manoma ne, kuma maganar taki da irin gero da farashin wake da lokacin shuka tana iya ɗaukar mutum biyu tun daga Ƙofar Sauri har Mashi ba su sani ba. Wani kiwo ne abin sonsa, wani karatun addini, wani ƙwallon ƙafa, har yakan je filin wasa na Muhammadu Dikko idan Katsina United tana wasa. Kada ka ƙirƙiro sha'awar abin da ba ka damu da shi ba don ka burge shi, domin tambaya ta uku za ta tona ka. Siyasar jam'iyya da saɓanin ƙungiyoyin addini kuwa ka bar su a inda suke, ko da ka tabbata ra'ayinku ɗaya, saboda gwamnati tana canzawa, magana kuma ba ta mutuwa.

Mataki na shida: ka sa ƙafa a zumunci

Zumunta a ƙafa take, kuma a ƙasar Hausa ba a kiran mutum aboki idan ba a taɓa ganinsa a ƙofar gida ba. Addini ma ya lissafa amsa gayyata da duba mara lafiya da rakiyar jana'iza a cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, saboda haka ba ka bukatar wani uzuri kafin ka je sunan ɗansa, ko ɗaurin auren 'yarsa, ko gaisuwar rasuwar mahaifiyarsa. A cikin waɗannan, ta'aziyya da dubiya sun fi biki nauyi. Ranar ɗaurin aure mutane ɗari biyar ne za su miƙa masa hannu, kuma ba lallai ya tuna da kowa ba, amma wanda ya bi shi har ƙauyensu a Mani ko Kankiya ya zauna a kan tabarma ranar rasuwa, wannan ba ya fita daga ransa.

Ziyarar farko ka yi ta cikin ayarin abokan aiki, kamar gaisuwar barka da sallah, don kada ta zama abin magana. Idan daga baya ya ce ka riƙa leƙowa, ka kira kafin ka je, ka tsaya a zaure ko falon baƙi, ka taƙaita zaman, kuma kada ka ɗauko maganar ofis sai idan shi ya ɗauko. Wanda ya bi shugaba gida da maganar ƙarin girma ko canjin wurin aiki ya mayar da gidan reshen ofis, ya kuma hana mai gidan hutun da ya dawo nema. Haka nan idan kai abin farin ciki ya same ka, ka kai masa katin gayyata da hannunka kamar yadda za ka kai wa kowane babba, kuma idan bai samu zuwa ba kada ka riƙe shi a zuci.

Akwai iyaka da ya kamata ka gane tun da wuri tsakanin taimako da zama yaron gida. Idan motarsa ta lalace ka ɗauko masa yara daga makaranta sau ɗaya, wannan mutunci ne. Idan ya zama kai ne mai cefane da biyan kuɗin wuta da kai saƙo gona a lokacin aiki, to matsayinka ya sauya, kuma da wuya ya ƙara dubanka a matsayin ma'aikacin da za a ɗora wa babban nauyi.

Mataki na bakwai: ka yi hattara da kyauta da kuɗi

An kwaɗaitar da mu yin kyauta domin tana jawo ƙauna, amma kyauta ga wanda alƙalaminsa yake iya ɗaga ka ko ya danne ka tana da hukunci na dabam. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi, ya hana kowa ba shi wani abu don neman alfarma, ya kuma taƙaita kyautar da zai karɓa ga ta dangi da abokai, gwargwadon abin da al'ada ta sani kuma a lokutan da ta sani. Tun kafin wannan, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Ibn Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, inda ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta same shi.

Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: kyautar ta zama ƙarama, ta zo a lokacin da kowa yake yin irinta, kuma ta zama wadda za ka iya miƙawa a gaban abokan aiki ba tare da ka ji nauyi ba. Kwanon wake ko gyaɗa daga gonarka da kaka, ko dabino da zamzam idan ka dawo daga aikin Hajji, ko gudummawar biki da aka haɗa da sunan sashe gaba ɗaya, duk babu laifi. Rago ko shadda mai tsada ko ambulan a makon da ake cike rahoton shekara kuwa sunansa a bayyane yake, ko me ka kira shi. Ka tuna cewa a tsarin aikin gwamnatin tarayya, wanda jihohi suke bi a mafi yawan abubuwa, ƙarin girma yana da wa'adinsa: shekara biyu ga masu matakin albashi na 6 zuwa ƙasa, uku ga masu mataki na 7 zuwa 14, huɗu ga na sama da haka. Wanda ya san wannan ya san cewa abin da yake bukata daga shugabansa shi ne rahoto na gaskiya a kan lokaci, kuma wannan haƙƙinsa ne da bai kamata ya saya ba.

Bashi kuwa, shawarata ita ce kada ya shiga tsakaninku ko ta wane ɓangare. Idan ka ci nasa, bakinka ya mutu a ranar da ya kamata ka yi magana. Idan ya ci naka, ba ka da fuskar tambaya, shi kuma zai fara jin nauyin ganinka, daga nan sai gudun juna. Idan ya nema kuma kana da hali, ka ba shi abin da za ka iya yafewa, ka cire rai da shi tun daga ranar.

Mataki na takwas: ka riƙe amana ta fuska biyu

Da zarar an ga kana shiga ofishin shugaba kana daɗewa, za a fara kiranka ɗan gaban goshi, kuma wasu za su riƙa yin shiru idan ka shigo. Maganin wannan yana hannunka. Abin da shugaba ya gaya maka a keɓe, ko sunayen waɗanda za a canza wa wurin aiki ne ko damuwar gidansa, ya mutu a cikinka, kada ka yi amfani da shi don nuna wa mutane cewa kai na ciki ne. Abin da abokan aiki suka faɗa a kansa a wurin mai shayi kuma kada ya bi ta bakinka ya isa gare shi. Wani shugaban da kansa zai tambaye ka abin da ake cewa. Ka amsa masa da matsalar ba tare da suna ba, ka ce misali, "Ranka shi daɗe, jama'a suna jin nauyin yadda ake raba tafiye-tafiye, da za a yi jadawali kowa ya gani da an huta." Da haka ka amfane shi, ka amfani 'yan'uwanka, kuma ba ka zama annamimi ba, wanda addini ya yi masa gargaɗi mai tsanani. Shugaban da ya ga ba ka kawo masa maganar wasu yakan natsu cewa tasa ma ba ka kai wa wasu.

Ka kuma riƙa amfani da kusancin don wasu. Idan an yabi aikin da kuka yi ku uku, ka ambaci sauran biyun da sunansu. Idan takardar hutun wani ta maƙale, ka tuna masa. Kuma duk dokar da ta hau kowa, kamar sa hannu a rajistar zuwa aiki, ka fi kowa kiyaye ta, domin duk sassaucin da ka karɓa, a kan shugaban za a rubuta shi.

Mataki na tara: ka gaya masa gaskiya, amma a keɓe

Na koyi wannan ne da tsada. A wata ma'aikata da na yi aiki a farkon shekaruna, shugabana ya karanto wasu alƙaluma a taron da baƙi suka halarta, ni kuma da na haɗa takardar na san ya ɗauko na shekarar da ta wuce. Na ɗaga hannu na gyara masa a gaban kowa. Abin da na faɗa daidai ne, amma na kunyata dattijon da bai taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma sai da muka yi wata da watanni gaisuwa kawai take haɗa mu. Da na rubuta gyaran a 'yar takarda na miƙa masa, da shi da kansa zai gyara, baƙin ma ba za su lura ba. Da na je na ba shi haƙuri, bai musa cewa ya yi kuskure ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne wurin da na zaɓa.

Saboda haka idan ka ga zai yi kuskure, ka nemi ganinsa shi kaɗai, ka fara da abin da kuka yarda a kansa, ka kawo hujjarka a takarda, sannan ka bar masa hukunci. Idan ya saurare ka ya zaɓi nasa ra'ayin a abin da yake cikin ikonsa, ka aiwatar da zuciya ɗaya, kuma idan abin ya ɓaci kada ka zagaya kana cewa ai ka faɗa. Amma idan abin da ya nema ya saɓa doka, kamar sa hannu a takardar biyan aikin da ba a yi ba ko ƙara sunan da babu mai shi a takardar albashi, a nan kara ta ƙare. Ka ce masa cikin ladabi ba za ka iya ba, ka nuna masa haɗarin da ke ciki gare ku duka, domin ranar bincike wanda sa hannunsa yake kan takarda shi ake kira. Idan abotar ta mutu a kan wannan, ka bar ta ta mutu.

Haka kuma ka shirya wa ranar da zai yi maka faɗa ko ya ba ka takardar tuhuma duk da kusancinku. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka amsa takardar a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, washegari kuma ka shiga ka gaishe shi kamar kullum.

Idan ɗayanku namiji ne ɗayan mace

Duk matakan da suka gabata suna aiki, sai dai tazarar ta fi faɗi, kuma kiyaye ta kariya ce ga mutuncin mutum biyu da gidaje biyu. A bar ƙofar ofis a buɗe idan ana ganawa, a taƙaita waya da saƙo ga lokacin aiki da maganar aiki, kada a yi tafiya su biyu kaɗai idan akwai yadda za a sa na uku, zumuncin gida kuma ya bi ta hannun iyali, wato ma'aikaciya ta gaisa da matar shugabanta, ma'aikaci kuma ya san mijin shugabarsa. Idan shugaba ya fara wuce iyaka da kalamai ko saƙonnin dare, kada ma'aikaciya ta ɗauka laifinta ne. Ta ja baya a fili, ta adana saƙonnin, ta sanar da wani babba da ta amince da shi a gida da kuma a ma'aikata.

Mataki na ƙarshe: ranar da ya bar kujerar

Wata rana takardar canjin wurin aiki za ta fito, ko shekarunsa su cika ya koma gida jiran fansho da garatuti. A makon farko wayarsa za ta yi shiru irin wanda bai saba da shi ba, ƙofar gidan da motoci suke cika ta da sallah kuma za ta zama fili. Ka taimaka masa ya haɗa takardar miƙa aiki, ka bi masa fayil ɗinsa na fansho idan ya maƙale a wani tebur da kake da hanya, kuma kada ka zauna a inda ake zaginsa don faranta wa sabon shugaba, wanda shi ma yana lura da yadda kake yi da na jiya. Sannan ka sa wa kanka lokaci, ko da sau ɗaya a wata biyu ne, ka bi ta gidansa bayan la'asar ranar Asabar, ka zauna a kan tabarmar ƙofar gida, ka ba shi labarin ofis wanda ya halatta a bayar, ka tambaye shi shawara a kan fayil ɗin da ya gagare ka, kuma ka bari ya gama bayaninsa ko da ka riga ka san amsar.